Maigadi a Allon Haulatu

Lahadi, bayan La'asar

Bismillahi. Yau na yi abin da zan daɗe ina ba da labarinsa, gara in rubuta tun da zafinsa. Da ajami nake rubutu, ƙannena 'yan lakwal, masu karatun boko, ko sun tsinci littafin sai dai su kalle shi su ajiye.

Ƙungiyar 'yan ƙasarmu ta kawo masu gwajin ciwon sukari harabar masallacinmu na Williamsville, cikin Adjamé a nan Abidjan. Tun makon jiya aka raba wa mambobi kati mai lamba, shekarun mutum da unguwarsa duk an riga an rubuta can wurinsu. Baba ma ya samu nasa. Da safe sai ga motar albasa ta iso kasuwar Marché Gouro, ya miƙo min katin ya ce, "Yazid, je ka zauna min a taron nan, kada a ce gidan Harouna ba kowa." Haka muke kullum. Suna ni, gaisuwar mutuwa ni, ɗaurin aure ni ke karɓo masa goro. A wurinmu in ɗanka ya zauna, to ka halarta, ba mai tambaya.

Zama kawai ya ce in yi. Ni kuwa na zura tsohuwar babbar rigarsa, na kafa hularsa, na shiga layin dattawa ina tari ina dafa ƙugu. Alu abokina ya kusa faɗawa kwata don dariya. 'Yar nas ɗin ta ce, "Papa, monte sur la balance," na hau sikeli ina nishi. Ita ma dariya take, amma lambar katin kawai ta duba, layi ya yi mata yawa. Ta zuƙi jinina a 'yar kwalba ta liƙa lamba. Sun ce asibitin Treichville za a kai, wanda aka ga wani abu za a kira shi a waya.

Baba bai sani ba. Rana ta yi zafi yau, ruwan leda kawai nake sha.

Laraba ta mako na biyu, bayan Azahar

Na kai wa Gwaggo albasa Treichville. Na tarar da Haulatu 'yarta a falo ta tasa ordinata, wato kwamfuta, gaba. Taubashiyata ce, tun muna yara take cewa ni bawanta ne, ni kuma na ce ita ce baiwata, har yau ba a raba gardamar ba. Ita ce ke tara sakamakon gwajin nan don mémoire ɗinta, kundin bincike na gama karatu. Ranar gwajin tana ɓangaren mata, ba ta ga wasan da na yi ba.

Na ce, "Ke 'yar boko, katanga kike ginawa?"

Ta ce, "Kai sarkin warin albasa, wanke hannu ka zo ka gani."

Sanduna ne tsaitsaye a allon, manne da juna. Istogram sunansa. Ta ce kowace sanda tarin mutane ne masu sukari kusan iri ɗaya. Hagu masu kaɗan, dama masu yawa, tsawon sanda kuma yawan mutanen cikinta. Tsakiya ta yi tudu kamar an juye buhu a ƙasa, gefe da gefe na gangarowa. Can dama kuma sai fili fetal, ba komai, sannan wata 'yar guntuwar sanda ita kaɗai a bakin allo.

Na ce, "Wannan fa, maigadin gidan ne?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce mutum ɗaya ne, kuma mai irin wannan sukarin asibiti ya kamata yana kwance yanzu. Na ce wane ne. Ta ce ba ta da sunaye, lokotoro, likitan gwajin, ya canza lambobin kafin ya ba ta, shi kaɗai ya san wane da wane.

Sai ta nuna min abin da ya burge ni. Ta danna wani akwati ta zaɓi mata zalla, sandunan suka sake jeri, Maigadi ya ɓace. Ta zaɓi maza, ya dawo wurinsa. Kamar rariya, abin da ka ce ta riƙe shi take riƙewa.

Na ce ai na san shi, Alhaji Inusa ne. Mutumin da ke zuba sukari a shayi har cokali ya tsaya. Ta ce in na kai maganar nan waje sai ta karya min ƙafa.

Alhamis, da hantsi

Alu kawai na faɗa wa.

Juma'a, bayan sallah

Duk Roxy, inda 'yan ƙasarmu ke taruwa a Adjamé, ta ji. Wai akwai wani dattijo da na'ura ta ware shi gefe. A majalisar shayi na zauna kusa da Alhaji Inusa, na janye gwangwanin sukari daga gabansa a hankali na ce, "Baba Alhaji, ana ta kiran maigadi." Ya ce, "Ɗan banzan yaro, ubanka ma bai hana ni ba." Aka yi dariya.

Amma dattawan ba su saki jiki ba. Wani ya ce gwajin nan dabara ce ta tara sunayen baƙi a kai wa masu duba takardun zama. Wani ya ce jini ba a ɗibarsa a banza, sayarwa ake yi. Baba ya ce shi dai Allah ya tsare shi, bai ba kowa hannunsa ba. Na tashi na je na sayi bisap, zoɓo mai sanyi. Na sha, na sake saya.

Lahadi, da yamma

Inna tana faɗa wai kiyashi sun cika bayi, sun yi layi a bakin rami. Ta ce 'ya'yan maƙwabta ne ke zubar da ragowar shayi a wurin. Ni ma na ce su ne. Na sheƙa ruwa da omo kafin ta dawo.

Ina zargin Inna tana lura da ni. Na shiga bayi ta ɗago kai, na fito ta ɗago kai. Mutum ba zai kama ruwa a gidan ubansa ba sai da mai rakiya?

Talata, bayan La'asar

Ba albasa na kai ba yau, haka kawai na hau woro-woro, tasin haɗaka, na haye gada zuwa Treichville. Gwaggo ta ce, "Yazidu, ka rame. Ko wata ce ta hana ka barci?" Na ce 'yammatan Adjamé ne suka yi min yawa. Ta ce Allah ya shirye ni.

Haulatu ta ƙi kula ni, labarin Roxy ya iso mata. Da ta shiga sallah ta bar ordinatan a buɗe. Na ga yadda hannunta ya yi rannan, kuma abin da na gani sau ɗaya ba ya ɓace min, malaminmu na allo ma ya shaida a hadda. Na danna akwatin unguwa. Treichville na zaɓa da fari, na san kalmar daga goshin motoci. Sanduna suka jeru, bakin allo wayam. Na zaɓi Adjamé. Ga shi nan tsaye.

To me? Adjamé gari guda ce.

Ta idar ta kama ni a kan kujerarta. Ta ce, "Bawa, me kake nema a ciki?" Na ce Alhaji Inusa nake nema. Ta daɗe tana kallona. Ban son irin kallon nan, na 'yan boko, kamar suna karanta abu a goshinka.

Laraba, da safe

Na ƙara huda a bel ɗina da ƙusa. Wandon nan dama tela ya cuce ni.

Alhamis, bayan Azahar

Wata lamba na ta kiran Baba. Ya ɗauka sau ɗaya, mace ce tana faransanci da sauri, ya ji "résultat", ya ji "hôpital", ya kashe. Ya ce 'yan brouteur ne, masu damfara ta waya, bara haka suka yi wa wani mai shinkafa, wai ɗansa na asibiti.

Ya ce, "Ko ba haka ba, Yazid?"

Na ce, "Su ne, Baba. Muryarsu ke nan."

Ya ba ni wayar ya ce in toshe lambar. Na toshe.

Mutane nawa ake kira a Abidjan kullum? Wataƙila ma da gaske brouteur ɗin ne. Kuma ko asibitin ne, ai suna iya kiran kowa su ce masa lafiyarsa ƙalau. Alu ya ce shi ba a kira shi ba. Alu wayarsa rabin yini a kashe take.

Asabar, bayan La'asar

Na koma. Na kai wa Haulatu garba, abincin rogon nan, mai kifi biyu don a shirya, ta ci tana cewa ba ta yafe ba. Tana aikin shekaru ne yau, malaminta ya ce ta zana kowane rukuni daban. Na zauna a hannun kujera kamar ba ruwana.

'Yan ƙasa da talatin: sanduna sun taru a hagu, tsaf, ba wanda ya fita layi. Na buga tafi na ce, "Ka ga samari! Jininmu kamar ruwan Zamzam." Masu matsakaicin shekaru: biyu-uku sun ɗan zame dama, ba nisa. Sai 'yan sama da sittin. Sandunan kaɗan ne, gajeru, sai filin nan, sai shi.

Na ce ta ƙara tacewa, 'yan Williamsville kawai. Ta ce a'a. Wai in rukuni ya ƙanƙance ya koma mutum huɗu ko biyar, ba zane kake yi ba kuma, nuna mutum kake da yatsa. Na ce ai saboda a taimake shi ne. Ta ce lokotoro na ta kiransa, mutumin ya daina ɗauka, yanzu ma wayar ba ta shiga.

Ta ce, "Wane irin mutum ne zai toshe mai neman ceton ransa?"

Na ce dattawa ai sai haƙuri.

Alhamdu lillahi dai matasa ba ma ciki. Ni shekarata ashirin da biyu. Da idona na ga allon 'yan ƙasa da talatin, ba kowa a dama.

Lahadi, da hantsi

Ba kowa a dama. Na gani.

Litinin, bayan Azahar

Alhaji Inusa bai ba da jini ba. Yau ya faɗa a majalisa yana dariya, wai da ya hango allura sai ya ce alwalarsa ta karye, ya zagaya bayan masallaci ya hau gbaka, ƙaramar bas ta haya. Kowa ya yi dariya. Aka juyo ana jiran abin da zan ce, don irin wannan nawa ne. Ban samu komai ba. Alu ya ce, "Môgô, on dit quoi? Ya dai, mutumina? Yau bakinka na hutu?"

Alu na kallona da yawa kwanan nan. Shi kaɗai ya san rigar da na sa rannan, shi da 'yar nas. In ya faɗa wa mutum ɗaya, Roxy ta ji, na riga na ga aikinsa. Na tambaye shi ko ya yi maganar da wani. Ya ce wace magana. Ban yarda da "wace magana" ɗin nan ba.

Saura dattawan layinmu. Akwai mai goro, akwai ladan, akwai tsohon direban nan mai ciwon ƙafa. Direban ne. Mai ciwon ƙafa ai da ma ba lafiya gare shi ba.

Talata, da yamma

Buhu ya kayar da ni a Gouro. Ba babba ba ma. Na ɗaga shi zuwa kafaɗa sai kasuwar ta yi fari, na ji ni a ƙasa cikin ɓawon albasa. Wata mai tumatir ta ce, "Yako, mon fils," wato sannu ɗana, ta watsa min ruwa. Na karɓe robar na shanye sauran. Na ce wa yaran santsi ne, har na kwaikwayi faɗuwar sau biyu suka yi dariya.

Baba yana can wurin direba, bai gani ba. Ko ya gani ya yi shiru, ban sani ba. Kowa a gidan nan ya koyi yin shiru yana kallo.

Rubutun nan ma yana min rawa a ido. Tawadar ce ba kyau.

Alhamis, bayan Magariba

Malam Zainulabidin, sakataren ƙungiya, ya zo har gida. Ya ce lokotoro ya aiko shi, Alhaji Harouna ya je Treichville gobe-gobe, maganar gwaji ce, ba ta jira.

Baba ya ce, "Wane gwaji? Ni da ban taka wurin ba?"

Malam ya ce shi dai saƙo aka ba shi.

Bayan ya tafi Baba ya yi ta faɗa. Wai an ɗauki sunansa an liƙa wa jinin wani, ko kuma yarinyar nan Haulatu ta rasa mutane ta cike takardarta da ƙarya, ta rasa sunan da za ta sa sai na kawunta. Yanzu gari zai ce Harouna ne mai ciwon, masu ba shi kaya daga gida su fara neman wani. Ya ce gobe sai ya je ya ji daga bakinta, ni zan raka shi.

Inna ta ce, "Yazid, kai da ka je taron, ba ka ga komai ba?"

Na ce mutane sun yi yawa.

Na ɗauki waya in kira Haulatu. Na ajiye. In na kira me zan ce?

Juma'a, bayan La'asar

Mun je.

Baba ko ruwan da Gwaggo ta kawo bai taɓa ba, ni na sha nawa na sha nasa. Ya zauna ya cika kujera, ya ce, "Haulatu, ni na yi miki wani laifi ne?" Ta durƙusa ta ce, "Kawu, me ya faru?" Ya faɗa mata duka, har da maganar ƙarya. Gwaggo ta ce, "Haba Yaya." Idon Haulatu ya kawo ruwa, amma ba ta yi kuka ba. Ta ce wallahi ba ta da sunan kowa, kuma ba ta ƙara ko mutum ɗaya ba. Sai ta ce in dai shi lokotoro ke nema da gaggawa haka, to ta san layin da ake magana.

Ta jawo ordinatan. Ba sanduna ta buɗe ba wannan karon, layin mutum ɗaya ta fito da shi, ta karanta a hankali. Namiji. Williamsville. Shekara sittin da uku.

Baba ya ce, "To ai ni ke nan, kuma ban je ba."

Ta ce, "Nauyi, kilo hamsin da biyu."

Gwaggo ta kalli Baba tun daga wuya har ciki. Ta ce, "Yaya, kai ko ranar aurenka ka wuce haka."

Ba wanda ya yi dariya, ni ma da nake neman inda zan shiga da tawa. Haulatu ta juyo. Kofi na hannuna, na uku ko na nawa. Ta kalli kofin, ta kalli bel ɗina.

Ta ce, "Kawu, ranar gwajin wa ka aika da katinka?"

Na ce, "Ke baiwa, ai kin san ni da wasa, rigar ma ta yi min kyau, ki tambayi Alu..."

Ta ce, "Yazid." Ba ta taɓa kirana da sunana ba tun da na yi wayo.

Na juya wajen Baba. Na jira mari, na jira zagi, har na ɗan matso don ya same ni da sauƙi. Wayarsa ya ciro ya miƙo min ya ce, "Buɗe lambar da ka toshe." Na buɗe. Shi ya kira da kansa, Haulatu ta yi musu tafinta. Da ta ji jinina ne, matar ta ce a kai ni gobe da sassafe, kada in ci komai, kuma in na fara amai ko numfashina ya canza kafin goben, a kawo ni ko wane lokaci ne.

Kafin mu fito na ga Haulatu ta goge sittin da uku ta rubuta ashirin da biyu. Ban tsaya ganin allon samari ba.

Asabar, da Asuba

Ba a ci ba, ba a sha shayi ba. Ruwa an ce ba laifi. Motar albasa na isowa yau, na ji Baba a waya yana ce wa Alu ya tsaya a kanta. Alu da bai san albasar Galmi da ta Holland ba.

Asabar, bayan La'asar

Sun tambayi sunana na faɗa. 'Yar nas ɗin rannan ce, ta gane ni, ta buɗe baki za ta ce "Papa" sai ta ga Baba a bayana ta fasa. Ta soki yatsana, ta kalli 'yar na'urar, ta fita, ta dawo da lokotoro.

Ya yi magana mai yawa. Abin da na riƙe: ba shan zaƙi ne ya jawo ba, irin na yara da samari ne, jiki ne ya daina yin wani abu da ya kamata ya yi. Allura ce kullum, da hannuna, har iyakar rai. Ya ce da na ƙara mako ɗaya ko biyu da ɗauko ni za a yi. Sun sa min ruwa har Azahar ta wuce, suka koya min allurar a fatar ciki, suka ce in dawo Litinin. Baba ya sa aka maimaita masa komai da yaren Jula, don ya fi jin ta a kan faransanci. Ya tambaya ko zan yi azumi, ya tambaya ko zan yi aure. Haulatu na rubutawa.

A woro-woro muna kan gada, go-slow ya tsayar da mu, ruwan lagon da ke ƙarƙashinta na wari. Na ga shirun ya yi yawa. Na ce, "Baba, ka ga amfanin aike. Da kai ka je, da an ce lafiyarka ƙalau an bar mu haka."

Bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya kama wuyan hannuna ya zagaye shi da babban yatsa da manuni. Yatsun suka haɗu har suka wuce juna. Ya daɗe yana kallon wurin.

Ya ce, "Kullum kana gabana. Yaushe ka zama haka?"

Bai saki hannun ba har Roxy, direba na miƙo hannu yana cewa a biya, Baba na laluben aljihu da hagu.